Kifi a Zauren Baba

Labarin da zan bayar yau ya faru ne a watan Disambar 2023. Na daɗe ina son rubuta shi, kunya ce ta yi ta riƙe min hannu, domin duk wanda ya karanta har ƙarshe zai ga cewa ba ni ne gwanin cikinsa ba. To amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, don haka sai mai karatu ya gyara zama ya biyo ni bakin ruwa.

Ni ɗan masunta ne. Gidanmu yana wani ƙauye a ƙasar Yauri, kudu da garin Yelwa, daidai inda kogin Kwara yake buɗewa ya zama tafkin Kainji. Sarkawa ne mu, su muka gada kaka da kakanni. A cikin 'ya'yan Baba ni kaɗai aka tura boko, yanzu haka ina koyar da lissafi a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Mai karatu ya riƙe wannan zancen na lissafi, zai yi masa amfani a gaba. Ƙanena shi ya tsaya a gida ya riƙe sana'a, kuma tun da yana ta fara rufe wa Baba ido ɗaya, shi ne yake fita da jirgi, Baba kuma sai jefi-jefi.

Jirgin nan na katako ne, Baba ya sa aka ƙera masa shi a Yelwa tun ina aji uku a sakandare, kuma a gidanmu bayan mutane babu abin da ya kai shi daraja. Da shi aka biya kuɗin makarantata, da shi aka aurar da ƙannena mata uku. A bayansa akwai inji mai ƙarfin doki 15. To a ƙarshen watan Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Mutanen birni sun ji jiki, amma masunci mai inji ya fi su ji, domin shi yawon nema yake yi da man, kuma in ya dawo da kwando wayam babu wanda zai mayar masa da kuɗinsa. Ƙanena ya kira ni wata rana ya ce, "Yaya, jiya man da na ƙona ya fi kifin da na kama tsada." Wannan magana ta tsaya min a rai.

A wayata na fara ganin na'urar gano kifi, a wani bidiyo na YouTube: Bature na zaune a jirginsa, gabansa ɗan allo kamar tafin hannu, kifaye suna wucewa a kai ɗaya bayan ɗaya. Na ce ai ga maganin matsalarmu. Na ɗauki adashin da na yi wata goma ina zubawa, wanda da niyyar gyaran rufin ɗakina na shiga, na aika wa wani ɗan kasuwa a Legas. Ya ce sabuwa ce fil a kwalinta, kuma ya ba ni kwana bakwai: in ta ƙi aiki in maido masa ya ba ni kuɗina, muddin ban yanke waya ba, ban ɗaura ta a jirgi ba, babu alamar sukur a jikinta. Kwana biyu ta yi a hanya kafin direba ya miƙo min ita a tasha. Saura biyar ke nan. A ranar na kamo hanyar gida.

Na tarar da Baba a zaure yana ɗinkin kalli. Ni ɗan fari ne, bai taɓa kiran sunana ba, in ya so tsokana sai ya ce Malam. Bayan gaisuwa na buɗe kwalin a gabansa. Abu uku ne a ciki: allon da ake kallo, da waya mai reshe biyu, ja da baƙa, wadda ake haɗawa da batir, sai wani ɗan baƙin abu mai kama da ƙwan agwagwa da aka ɗan matse, da doguwar waya a bayansa. Sunansa tiransdusa, amma a gidanmu kunne muke ce masa. Shi ake kafawa a bayan jirgi ya nutse a ruwa. Na yi wa Baba bayani da ɗoki, na ce gobe da safe sai a kira kafinta ya huda bayan jirgi a ɗaura.

Baba ya juya kunnen nan a hannunsa, ya shinshina shi, ya ajiye. Ya ce, "Malam, jirgin nan shekara nawa yana ruwa, ban taɓa huda shi don abin da ban gwada ba. Ramin da ka yi wa jirgi ba ya komawa. Ka nuna min tana aiki tukuna, sannan a yi zancen kafinta." Na ji haushi a raina, na ce tsofaffi dai ba sa son sabon abu. Ban tuna cewa sharaɗin da Baba ya kafa shi ne dai wanda ɗan kasuwar Legas ya kafa ba.

Da magariba muka ciro batirin babur ɗin ƙanena. Duhu ya fara, ni kuma ina sauri, na haɗa wayoyin, na danna maɓalli. Shiru. Na sake dannawa na riƙe. Shiru. Gabana ya faɗi, na ce shi ke nan, an sayar min da gawa. Daren nan ban yi barcin kirki ba, sai lissafin adashi da rufin ɗaki nake yi.

Washegari muka tafi Yelwa wajen wani mai gyaran rediyo da waya a kusa da kasuwa, dattijo ne mai ƙarancin magana. Bai ko kalli allon ba, sai ya bi jar wayar nan da yatsa har ya kai kan wani ɗan ƙulli na roba, ya murɗe shi, ya fito da fiyus. Ya ɗaga shi a hasken rana, zaren ciki ya tsinke. Ya ce, "Jiya wace waya ka sa a ina?" Na tsaya tunani, ƙanena ya riga ni: ashe a cikin duhu jar na ɗora a kan korau, baƙar a kan ƙari. Mai gyara ya ce in gode wa Allah, fiyus ɗin nan na amfiya 3 shi ya mutu a madadin na'urar. Ƙanena ya ce ai sai a naɗa zaren tagulla a wurin kamar yadda ake yi wa babur. Dattijon ya harare shi ya ce, "In ka yi haka, ranar da aka sake kuskure ba fiyus za ka saya ba." Ya sa mana sabo, ya ba mu biyu na ajiya. Sannan ya ɗora mitarsa a kan batirinmu, ta nuna bolt 9 da 'yan kai. Ya ce batir mai bolt 12 in ya cika lafiya 12.6 yake nunawa, kuma irin wannan na'ura in wuta ta gaza 10 sai ta yi ta ɗaukewa ko ta ƙi tashi gaba ɗaya. Wato ko da ban juya wayoyin ba, da wuya ta kama da wannan batirin. Muka ari batirin sola na wani maƙwabci muka koma gida. Kwana ɗaya ya tafi a kan laifina.

Bayan la'asar muka shimfiɗa tabarma a zaure, na haɗa ja a ƙari, baƙa a korau, na duba sau uku. Na danna maɓalli, sai ƙara 'yar siririya, allo ya kawo haske. Jama'a, abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Allon nan ya cika da launi: ga ƙasan ruwa ja-ja-wur yana hawa yana sauka, ga lambobi, ga kifaye manya da ƙanana suna wucewa daga dama zuwa hagu, na'urar tana ƙara duk sanda babba ya gifta. Yara suka ruga suka kira na waje. Kafin ka ce kwabo zauren ya cika, har da masu leƙe ta taga. Ni kuma kaina ya kumbura, ina nuna musu da tsinke: wannan giwan ruwa ce, waɗannan tarin karfasa ne. Wani ya ce lallai boko ta yi rana.

Baba yana gefe bai ce uffan ba. Da hayaniya ta lafa sai ya ce, "Malam, wannan kifin a ina yake?" Na ce ga shi kuwa Baba kana gani. Ya ce, "Ina gani. Tambaya nake, a wane ruwa yake? Mu dai a zaure muke. In akwai giwan ruwa a ƙarƙashin tabarmar nan, a ɗaga mu gani." Aka fashe da dariya. Na sunkuya na dubi allon da kyau, sai na ga wata kalmar Turanci 'yar mitsitsiya tana ƙyaftawa a ƙasa, ma'anarta kwaikwayo. Na buɗe ɗan littafin bayanin da tun jiya ban ko ɗaga bangonsa ba. Ashe irin waɗannan na'urori, in aka kunna su ba su ji kunne a haɗe da su ba, da yawansu sukan shiga nuna hoton da aka riga aka ɗura musu tun daga masana'anta, don mai kanti ya yi talla da shi, mai saye kuma ya koyi danna maɓallai. Kifin Turai na yi rabin awa ina raɗa wa sunayen Hausa.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne ai na cusa wayar kunnen a bayan allon. Na zare ta na haska da fitilar waya. A cikin bakin akwai 'yan haƙora na ƙarfe sirara kamar allura, ɗaya ya kwanta a gefe. Bakin yana da ɗan tsagi wanda dole sai ya dace da ɗan'uwansa kafin a tura, ni kuwa da ƙarfi na danna. Na ari hantsakin cire ƙaya na Inna, na yi ta ɗago haƙorin nan a hankali, numfashina a riƙe, domin in ya karye babu sauran zancen mayarwa Legas. Allah Ya taimake ni ya miƙe. Na daidaita tsagin, ya shige ba tare da gardama ba. Na sake kunnawa. Kifaye suka ɓace. Allo ya zama fili fetal, lambar zurfi tana ta ƙyaftawa ba ta tsaya a kan komai ba. 'Yan kallo suka watse ɗaya bayan ɗaya, wani yana cewa ai ɗazu ta fi kyau.

A nan ya kamata in tsaya in yi wa mai karatu bayanin yadda abin yake aiki, kamar yadda na zauna na karanta a daren nan da fitila. Na'urar ba ta da ido, ba ta ganin kifi. Kunnen nan a cikinsa akwai wani ɗan faifai wanda in wuta ta taɓa shi sai ya girgiza ya harba sauti cikin ruwa, sauti mai kaifin da kunnen mutum ba ya kamawa, galibi mai girgiza 200,000 a daƙiƙa ɗaya. Sautin yana gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, alhali a iska kusan 340 ne kawai. In ya bugi ƙasa ko itace ko kifi sai amsa-kuwwa ta dawo, kunnen ya ji, na'urar ta auna lokacin da aka ɗauka ta raba biyu. In zurfi mita 15 ne, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, wato kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa. Abin da ya fi mayar da sauti a jikin kifi shi ne jakar iskar nan da ake tararwa in an farke cikinsa. Dabarar ba sabuwa ba ce. Bayan nutsewar jirgin Titanic a 1912 masana suka duƙufa neman hanyar jin abin da ke ɓoye a ruwa, kuma a 1948 wasu 'yan'uwa biyu a Nagasaki ta ƙasar Japan, masu suna Furuno, suka fara sayar wa masunta irin wannan na'ura.

To amma karatu daban, haƙuri daban. Washegari na cika durom da ruwa na tsoma kunnen. Lambobi suka haukace: yanzu 2, an jima 40, an jima babu komai, allon duk ya cika da zane kamar kaza ta yi tonon ƙasa. Na canja zuwa randar Inna, abin ya ƙara lalacewa. Na yanke hukunci cewa kunnen ya mutu, wataƙila ni na kashe shi da haƙorin da na lanƙwasa. Na kira ɗan kasuwar Legas ina ɗaga murya. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Oga, ka kai ta ruwa?" Na ce ga ta cikin durom. Ya ce durom ba ruwa ba ne, in kunna ta in kara kunnen a kunnena na ɗan lokaci kaɗan in gaya masa abin da na ji. Na kara. Sai na ji tik-tik-tik-tik, kamar agogon hannu mai sauri. Ya ce to tana da rai, kuma kada in bar ta tana bugawa a iska na tsawon lokaci, domin ruwa ne ke sanyaya ta. A iska sautin ba ya iya fita daga jikin kunnen sosai, a durom kuma ruwan bai kai mita ɗaya ba, sautin sai ya yi ta dukan bango yana dawowa ta ko'ina, na'urar ta rasa wanne za ta ɗauka. Baba da ke jin mu ya ce, "Wanda ya yi kira a cikin rijiya ai ba ya gane daga ina aka amsa masa." Kwana uku sun tafi, saura biyu, kuma ranar ƙarshe ta mota ce.

Ƙanena ya kawo shawarar a ajiye kunnen kawai a cikin jirgi, a kan katakon ƙasa, ba sai an huda ba. Littafin ya ce hakan yana yiwuwa a jirgin roba mai ƙarfi irin na Turawa, amma katako yana riƙe iska a cikinsa, yana shanye sautin. Baba ne ya warware mana. Ya ɗauko gora guda mai tsawon gaba ɗaya, ya sa ƙanena ya ɗaure kunnen a ƙarshenta da robar tayar keke, ya ce a riƙe ta a gefen jirgi. Babu ƙusa, babu sukur, babu abin da zai ɓata sharaɗin Legas. Sannan ya shiga ɗaki ya fito da wata tsohuwar igiya mai dutse a baki, an yi mata ƙulli a kowace gaba. Ya ce gobe da shi za a fita.

Da asuba muka tura jirgi. Lokacin baƙin ruwa ne, wato ambaliyar da ke isowa a cikin hunturu daga can tsaunukan Gini inda kogin ya faro, bayan ta yi watanni tana ratsa Mali da Nijar. Ba kamar farin ruwan damina ba mai laka, wannan ya riga ya zubar da dattinsa a hanya. Tafki ya cika, hazo ya kwanta a kansa, sanyi yana ratsa ƙashi. Na rungume batir da allo a cinya cikin leda, ƙanena na riƙe da inji da hannu ɗaya, wani yaron gidanmu na riƙe da gora.

Muna cikin tafiya allon sai tartsatsi, lamba tana zuwa tana ɓacewa. Na fara karaya. Baba ya ce a kashe inji. Jirgi ya lafa, kumfar da ke bin gefensa ta kwanta. Na lura yaron ya karkatar da gorar, fuskar kunnen tana kallon gefe. Muka miƙar da ita ta dubi ƙasa sak, muka nutsar da ita kamar taƙi ɗaya a ƙarƙashin ruwa, na shafe 'yan kumfar da suka manne mata da yatsa. Nan take wani layi mai kauri ya fito a ƙasan allon ya miƙe, lamba ta tsaya cak: 30.

Na yi kabbara. Na ce, "Baba, ta kama! Zurfin nan mita talatin ne." Baba ya dubi gaɓa, ya dubi wani tsauni da ke hango mu daga yamma, ya ce, "Mita talatin gaba nawa ke nan?" Na lissafa na ce sha shida da ɗoriya. Ya girgiza kai. Ya ce, "Nan gaba biyar ne. In ruwa ya ja da bazara, gaba ɗaya da rabi." Na ce Baba na'ura ba ta ƙarya. Ya ce, "Shekaranjiya ma a zaure haka ka ce." Ya saki dutsensa, igiya ta yi ta bin yatsunsa, ƙulli ɗaya, biyu, uku, huɗu, a na biyar ta yi sako-sako. Ya jawo ya nuna min inda ta jiƙe.

Jikina ya yi sanyi. Na ce a raina to lallai ta lalace, gobe sai mota. Ina shirin kashewa sai idona ya kai kan wata ƙaramar lamba a ƙarƙashin ta zurfin, wadda ke nuna ɗumin ruwa: 74. Na tsoma hannu a tafki, sanyi ƙarara. Ruwan da ya kai 74 a ma'aunin da muke koyarwa a makaranta ai sai ya saluɓe fata. Sai a lokacin kaina ya buɗe. An saita na'urar ne da ma'aunin Amurka. 74 ɗin nan a namu 23 ne, 30 ɗin kuma ƙafa ce ba mita ba. Gaba ɗaya ƙafa shida ce. Shida sau biyar, talatin. Na shiga cikin saitin na mayar da ita mita, ta nuna 9.1. Na'ura ta faɗi gaskiya, igiyar Baba ta faɗi gaskiya, malamin lissafi ne bai tambayi talatin ɗin mene ne ba, abin da kullum nake zare wa ɗalibai maki a kansa. Na gaya wa Baba. Bai yi dariya ba, sai ya ce, "To yanzu ta fara magana. A kai ta wani wurin."

Wuri biyar muka je, kowanne sai Baba ya faɗi zurfinsa tun kafin mu isa, sannan a saki dutse, sannan a dubi allo. Ba su taɓa saɓawa da fiye da rabin gaba ba. Inda dutsensa ya fito da laka, layin ƙasan yakan fito siriri mai dishi-dishi, inda ya ji dutsen ya yi ƙwas a kan fa, layin yakan yi kauri ya yi ja. Baba ya matso kusa da ni, ya karkato da idonsa mai gani.

A wuri na huɗu allon ya cika da hotunan kifi, na'ura tana ta ƙara. Ƙanena ya miƙe zai warware kalli. Baba ya ce, "Zauna. In ka zuba a nan, rabinsa za ka ɗauka." Ya ce itatuwa ne a ƙasa, tsohuwar fadama ce. Na kashe saitin da ke zana hoton kifi, domin shi duk abin da ya tsaya tsakanin sama da ƙasa kifi yake kiransa. Sai ga su sun bayyana, dogaye tsaye daga ƙasa da rassa. Kifi na gaske, in jirgi yana tafiya a hankali ya bi ta kansa, kamar ɗan baka yake fitowa, irin jinjirin wata a kife, saboda nisansa da kunnen yana raguwa sannan ya ƙaru. Mun ga irinsu uku a gefen itatuwan. Na kuma fahimci cewa abin da take ji ɗan da'ira ne kawai a ƙarƙashin jirgi, faɗinsa kamar kashi ɗaya cikin uku na zurfin: a mita tara, mita uku. Ba ta jin abin da ke gaba, don haka ba za ta hana ka karo da kututture ba. Tarwaɗar da ta kwanta a laka kuwa, ita da lakar ɗaya ne a wurinta.

Rana ta fara ɗagawa, na ce mu koma. Baba ya ce akwai sauran wuri ɗaya. Ya yi ta nuna wa ƙanena hanya da hannu, yana daidaita tsaunin yamma da wata kuka da ke gaɓar gabas, har ya ce a kashe inji. Mai karatu ya sani cewa tafkin nan bai kai Baba shekaru ba. A 1968 aka kammala madatsar Kainji, ruwa ya taru ya shanye tsohon garin Bussa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tare da ƙauyuka masu yawa, aka tashi mutane sama da dubu arba'in aka sake musu matsuguni. Ƙauyen su Baba yana ciki. Yana da shekara goma sha uku a lokacin. Mun sha jin labarin, amma bai taɓa kawo mu wurin ba.

Ya ce, "Duba min nan." Ƙasa shimfiɗe take, siririn layi na laka. Ginin ƙasa ba ya shekara hamsin da biyar a ruwa. Jirgi yana ɗan tafiya da iska, sai layin ya fara hawa, ya yi kauri, ya yi ja, ya yi ɗan tudu mai faɗin kai, sannan ya sauka. Baba ya sa yatsa a kan allon. Ya ce, "Fa ne. A kansa mata suke shanya gero. Gidanmu yana gabas da shi, taku arba'in." Ya ce a sake bi ta kai. Muka sake bi da filafili, ba inji. Sau uku muka bi. Ba wanda ya yi magana a cikinmu. Daga nan ya ɗebi ruwa da tafin hannu ya shafe fuskarsa, ya yi wa iyayensa addu'a muka shafa, ya ce mu tafi gida.

Da yamma na kira Legas na ce na riƙe kaya. Washegari Baba da kansa ya aika aka kira kafinta, amma bai yarda an kafa kunnen a jikin jirgin kai tsaye ba. Ya sa aka yanko ɗan katako mai kauri aka ɗaure shi a bayan jirgi da maƙalai biyu, a kan katakon aka ɗaura kunnen, nesa da farfelar inji inda ruwa ba ya kumfa, ƙasansa ya ɗan zarce gindin jirgi kaɗan. In za a ja jirgi kan yashi sai a kwance a ɗauke. Wayarsa aka bi da ita ta gefe daban da na inji, batirinta ma daban, ƙaramin na sola da na saya da ragowar kuɗina. Har yau jirgin Baba babu sabon rami ko ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka daga nan muka yi arziki. Na'ura ba ta ƙara kifi a tafki, kuma duk masuncin da ka tambaya a ƙasar Yauri zai gaya maka giwan ruwan da iyayensu suke kamawa ba ita suke gani yanzu ba. Abin da ta yi mana shi ne ƙanena ya rage yawon banza, ya daina zuba kalli a kan itace, man da yake ƙarewa a kwana biyu yakan kai uku. Ya kuma ce abin da ya fi yi masa amfani shi ne wuraren da Baba yake kwatanta masa da baki tun yana yaro, yanzu yana ganin siffarsu, yana riƙewa. Igiyar nan mai ƙulli tana cikin jirgi har gobe. Duk sanda allo ya nuna abin da bai gamsu da shi ba, dutse yake saki.

Rufin ɗakina kuwa sai da ya ƙara shan damina ɗaya yana yoyo, uwargida tana tara kwanoni tana yi min gori. Da muka koma makaranta a watan Janairu, na rubuta 30 a allo na tambayi 'yan ajina ko ruwa mai wannan zurfin zai shanye mutum. Duk suka ce e. Wata yarinya a layin baya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, talatin ɗin mene ne?" Na ba ta sabon biro na.

Allah Ya ƙara wa iyayenmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya tsare masu nema a kan ruwa. Sai mun sake haɗuwa. Wassalam.